Uwargidan da aka juya wa hali: da laifinta ko babu?

Laminu: A shirin nan mai dogon zango da ake kallo ko'ina daga Birni har Zango, amarya ta biya boka ya musanya halinta da na uwargida. Uwargida mai haƙuri ta wayi gari da masifa, har ta cinna wa kayan ɗakin amarya wuta. Ni na ce ba ta da laifi. Wanda aka yi wa sammu ba shi ke tuƙa kansa ba.

Malam Isufu: Sannu a hankali, Laminu. Hankali aka ɗauke mata ko hali aka canza? Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro, da mahaukaci. Mai zafin rai ba ya ciki. Ita kuwa ta sayo fetur, ta ɓoye bayan randa, ta jira gida ya watse. Mai wannan lissafi ya san abin da yake yi. Ko da haukar ce ma, a Malikiyya ana biyan ɓarnar daga dukiyarta, zunubin ne kawai ke faɗuwa.

Laminu: Allah gafarta Malam, ai aya ta 102 a Baƙara ta ce sihiri na raba miji da mata.

Malam Isufu: Ƙarasa ayar: ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah. Tasiri daban, ƙwace zaɓi daban.

Hajiya Rabi: Laifin marubutan ne, sun cakuɗa abu biyu. A bori, in iska ya hau doki, wato ɗan bori, Ɗan Galadima sai kyauta, Kuturu sai naɗe yatsu. In ya sauka da atishawa, dokin ba ya tuna komai. Sammu kuwa mutum yana gani, yana tunawa. A shirin, a kashi ɗaya uwargidan ta manta, a na gaba tana kukan nadama. Su tsaya kan ɗaya.

Mamman: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma jan ido da amsa-kuwwar murya da suka saka su suka ɓata aikin, don alamun aljani ne. Musanyar hali ana gina ta tun kashi biyu ko uku kafin asirin: kowace a ba ta alama uku, tafiya, ɗaurin ɗankwali, da kalmar da ba ta rabuwa da bakinta, sannan a juya su. Tunda duk fitowar gida ɗaya a tare ake ɗauka, dole a rubuta a kan kowace fitowa "kafin" ko "bayan", in ba haka ba ɗankwalin zai koma tsohon ɗauri a tsakiyar asiri. Sannan a bar wa uwargida ƙofa: daƙiƙa biyar da ashana a hannu, ladan yana kiran la'asar, hannun na rawa. In ta ƙyasta bayan nan, ita ta ƙyasta.

Hajiya Rabi: Abin da ke ci mini rai, amaryar da ta je gun boka da ƙafarta da cikakken hankalinta, yanzu ita ake tausaya wa don ta zama saliha da haƙurin aro. Ita ya kamata a fara tuhuma.