"Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne": har a aikin jarida?

Uwar Biyu, Garwa: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata 'yar jarida ce, jiya ta jefo min wannan karin magana cikin fushi. Lokacin ambaliyar garin Yagwa da ke arewacin Kamaru a 2024 an tura ta tare da wani abokin aikinta. Shi ya tsaya wurin rabon kaya, ya ƙirga buhunan shinkafa, ya ɗauki jawabin manya. Ita ta zaga bayan tantuna, ta iske mai jego kwana huɗu da haihuwa, babu itacen dafa ruwan wanka, zani ɗaya gare ta, shi ma a jiƙe. Nasa labarin ya hau shafin farko. Nata kuwa edita ya ce "labarin mata ne", ya ture gefe. To karin maganar nan ta kai nan, ko iyakarta gidan suna?

Malamin Zaure, Ngaundere: Wa alaikumus salam Hajiya. Asalinta kira ne ga mata su agaza wa juna, ba wai namiji ba shi da tausayi ba. Wadda ta dace da zancenki ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ai yoyon ma sai an shiga ɗakin ake ganinsa. Gidan da aka rubuta "ba shiga", wane namiji zai wuce zaure da rikodarsa? Kuma wace mai jego za ta faɗa wa ƙato cewa jini bai tsaya mata ba?

Ɗan Kuseri: Ni fa ban gamsu ba. A 2002 aka ɗora Marie-Claire Nnana a kan kamfanin da ke buga Cameroon Tribune, jaridar gwamnatin Kamaru. Mace ce, amma shekara da shekaru ku duba shafin farko, fadar shugaban ƙasa ce da ministoci. Kowa ya ci ladan kuturu...

Inna, Injamena: ...dole ya yi masa aski, na ƙarasa maka, ɗana. Amma tsallako gada ka ji namu na Chadi. Sy Koumbo Singa Gali ta jaridar L'Observateur, a 2005 aka kulle ta, zamanin Idriss Déby, kuma ba kan girki ba, kan siyasa ce tsagwaronta. Shi ya sa karin maganar ke min ɗaci a bakin editoci. Sun mai da ita igiyar ɗaure mutum. Haihuwa, kaciyar mata, atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, sai a ce "a ba wance, ciwonsu ne". Kasafin kuɗi, soja, farashin auduga, na maza. Kamar ba mata ne ke duƙe a gonar audugar ba!

Malamin Zaure: Ke nan Inna, in mace ta faɗe ta zumunci ne, in edita ya faɗe ta wariya ce?

Inna: Kai ka faɗa, Malam, ni ban ce ba.

Ɗan Kuseri: Hajiya, labarin mai jegon fa, ya fito kuwa?

Uwar Biyu: Ya fito bayan mako biyu, can ciki, ƙarƙashin tallar sabulu. Sun yanke maganar zanin.