Na canza kuros ɗin farfela, ƙara ta tafi, karkarwa ta zo

Mai A-kori-kura:

Assalamu alaikum. Masu ilimin ƙarƙashin mota, ku taimaka mini da wani abu da ya ɗaure mini kai.

Motata a-kori-kura ce mai jan baya, ta kwana biyu a duniya. Kusan wata uku, duk sanda na sa ribas ko na saki kuloci a giya ta ɗaya sai in ji "ƙwas!" a ƙarƙashina, kamar an buga guduma a ƙarfe. Daga baya aka ƙara da wani ƙiƙi-ƙiƙi in ina tafiya a hankali, wanda ke ɓacewa da zarar na taka mota. Na shiga ƙarƙashi da tocila, sai ga wata jar ƙura mai kama da garin tsatsa a bakin kofi ɗaya na kuros ɗin baya, ɗan ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke ƙarshen farfela. Na kama farfelar, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, na murɗa, tana wasa a hannuna.

Na kai gareji, ban tarar da oga ba, yaronsa ya yi aikin. Ya sauke farfelar, ya zare ta gida biyu a wurin nan da take zamewa, ya wanke, ya sa giris, ya buga sabon kuros, ya mayar. Ƙwas ɗin kam ya tafi. Amma yanzu da na kai kilomita 70 sai kujera ta fara zuga, a 80 kuwa madubin ciki rawa yake har ba na bambance ƙaramar mota da tirela. Sitiyari lafiya lau. An yi wa tayoyi balas sau biyu, ba ta sake zani ba.

Sabon kuros ɗin ne jabu? Kuma wai me ɗan ƙarfen nan yake yi ne da zai girgiza mota sukutum?

Direban Dare:

Wa alaikumus salam. Duba rim ɗin baya, wataƙila ɗaya ya lanƙwashe. Na taɓa fama da haka.

Tsohon Bakanike:

Ɗana, bar tayoyin nan su huta. Girgizar taya tana da nauyi, a hankali take bugawa, kuma in ta gaba ce a sitiyari za ka ji ta. Wadda ke zuga kujera tana ɓata madubi mai sauri ce, daga farfela take, domin farfela tana juyi kusan sau huɗu kafin taya ta yi ɗaya.

Kai da bakinka ka faɗi inda gizo ke saƙa: yaro ya zare farfela gida biyu. Ya sa alama kafin ya zare? Na san amsar. Ka shiga ƙarƙashi ka dubi gwafar da ke manne da bututun ta gaba, mai kunne biyu ɗin nan da ke riƙe kuros, sannan ka dubi ta baya. Dole kunnuwansu su kalli waje ɗaya. In na gaba suna kwance, na baya ma su kwanta. Wasu farfelolin an yi musu haƙori ɗaya mai faɗi yadda ba za su shiga a karkace ba, wasu kibiya aka buga musu a jiki, wasu kuma babu ko ɗaya, duk yadda ka tura za su shige. Mu tun muna yara alli muke gogawa a kan mahaɗar kafin mu taɓa sifana.

Jar ƙurar da ka gani kuwa allurai ne suka nike. Kowane kofi cikin huɗun nan cike yake da siraran allurai na ƙarfe da hannun kuros ke birgima a kansu. Giris ya bushe, ruwa ya shiga, shi ke nan sai gari.

Malamin Fasaha:

Baba ya yi gaskiya. Bari in ƙara da dalilin, tunda ka tambayi aikin abin.

Giyabos a ɗaure yake da jikin mota, aksul na baya kuwa a kan sifirin yake, yana hawa yana sauka da kowane rami da kowane lodi. Sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ba za ta iya haɗa su ba, karyewa za ta yi. Shi ya sa ake sa gwafa biyu suna fuskantar juna, da kuros a tsakani: hannuwa biyu na gwafa ɗaya, biyu na ɗayar. Juyi yana wucewa, sandar kuma tana iya karkata. Haƙoran da yaron ya zare su ne ke barin farfela ta ƙara tsawo ko ta rage yayin da aksul ke motsi.

Sai dai kuros yana da aibi tun na haihuwa. Muddin akwai karkata, ko da giyabos yana juyi daidai wa daida, abin da ke fita ta ɗaya ɓangaren ba daidai yake fita ba. Yana ɗan zabura, ya ɗan ja baya, sau biyu a kowane zagaye. Ba sabon sani ba ne. Turawa suna jingina haɗin ga Cardano na Italiya, mutumin ƙarni na 16, amma Robert Hooke na Ingila ne a ƙarni na 17 ya auna ya gane juyin ba ya tafiya bai ɗaya. Clarence Spicer na Amurka kuma ya sami rajistar ƙirarsa ta mota a 1903.

Ga lissafin. In karkatar digiri 10 ce, saurin yana hawa yana sauka da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. In ta kai digiri 30, sai ya haura da kusan kashi 15, ya sauka da kusan 13. Ka ga ba a hankali abin ke ƙaruwa ba.

Maganin shi ne kuros na biyu. In kunnuwan suna layi ɗaya, kuma karkatar gaba ta yi daidai da ta baya, daidai lokacin da na farko ya zabura na biyu ke ja baya, sai su cinye juna, aksul ya karɓi juyi sumul. Bututun tsakiya ne kawai ke shan wahalar. In aka goce layin, cinyewar ba ta cika ba. In gocewar ta kai digiri 90 ma, haɗuwa suke yi su ninka.

Ɗauki motarka a kilomita 80. Taya irin taka tana yin zagaye wajen 600 a minti, farfela wajen 2,400. Sau biyu a kowane zagaye, bugu 80 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Madubinka bai yi ƙarya ba.

Wani abin da ke ba ɗalibaina mamaki: ba a son karkatar ta zama sifiri. Ana barin kamar digiri ɗaya zuwa uku, don alluran su riƙa birgima suna yaɗa giris. In suka tsaya wuri ɗaya, rami suke haƙawa a hannun kuros.

Direban Dare:

To Malam, ƙananan motoci masu jan gaba fa? Tayar tana karya kwana sosai, ban ji suna zuga ba.

Malamin Fasaha:

Su ba kuros gare su ba. Kan shaf ɗinsu ƙwallayen ƙarfe ne, galibi shida, a cikin keji, ƙirar Alfred Rzeppa, injiniyan Ford, a shekarun 1920. Ƙwallayen kullum suna zama a tsakiyar karkatar, don haka saurin shiga shi ne na fita, ko an karya kwana ta haura digiri 40. Rauninsa robar da ke rufe shi. Da ta yage yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana.

Mai A-kori-kura:

Baba, Allah ya ƙara girma. Malam, na gode ƙwarai.

Da safe na sa wa tayoyi waji, na shiga ƙarƙashi. Kunnuwan gaba a kwance, na baya sun ɗaga kamar mai gaisuwa da hannu ɗaya. Da na goge dattin mahaɗar sai ga kibiyoyi biyu, ɗaya nan ɗaya can, kowace tana nuna gabanta. Na koma gareji, wannan karon oga na nan. Bai ce uffan ba, ya dubi yaron, yaron ya dubi ƙasa. Da aka zare na ƙirga haƙoran da kaina, 16 ne, an goce da biyu. Digiri 45 ke nan in ban yi kuskure ba. Ban ga laifin yaron sosai ba, ni ma ina tsaye a kansa ranar, ban san abin dubawa ba.

An mayar kibiya kan kibiya. Na hau titi har 100, madubi tsaf. Saura wata 'yar zuga kaɗan wajen 90, wadda ban sani ba ko dama can tana nan ƙwas ɗin ne ya ɗauke mini hankali.

Tsohon Bakanike:

Madalla. Sauran kuma, duba kilif huɗun nan da ke tare kofunan, ko ɗaya bai zauna cikin raminsa ba, don in kuros ya goce daga tsakiya ko da kaurin farce ne sai ya zuga. Sannan ka shafa jikin bututun, akwai wasu 'yan faranta da aka yi wa walda don balas. Wanda ya buga kuros da guduma yakan fizge ɗaya bai sani ba. Za ka ga gurbinsa, wuri mai haske da ɗigon walda biyu.