Tambaya Kan Illolin Maganin HIV Bayan Sauyi

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. An sauya wa ƙanena magani daga mai ɗauke da efavirenz zuwa TLD (haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir). Jiri da munanan mafarkai sun daina damunsa, amma barci yana gagararsa, yana kuma ƙara ƙiba. Shin ya dakata da sha?

Yaya Daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Don Allah kada ya dakata, domin da zarar an bar magani ƙwayar cutar takan sake hayayyafa, har ta iya bijire masa. Rashin barci da ƙiba sanannun illolin dolutegravir ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019 saboda ƙarfinsa. Ya tambayi likita ko zai mayar da shansa da safe. Tenofovir da ke cikin TLD yakan taɓa ƙoda, saboda haka gwajin ƙoda yana da muhimmanci.

Baba Na Sabon Gari: Ɗana, a gaya wa likita in yana shan maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi, domin suna hana dolutegravir shiga jiki sosai. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa, ninka masa dolutegravir ake yi.

Ɗan Samaru: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan raka shi asibitin Shika.