Alli ko Hauya: Musayar Baitoci

Mushen Bagalam

Assalamu alaikum 'yan zaure. Kun saba ganina da raha, yau ba ita na kawo ba. Shekara 14 ina riƙe da alli a wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin garin Maraɗi. Baba ya rasu bara, ya bar muna 'yar gona a Jiratawa, ƙannena duk sun tafi bida, ba mai leƙa ta. Zuciya na raya mani in aje alli in koma noman zogale. Dare uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Na ɗaure amsa-amo da "wa", mai amsawa ya riƙe shi in zai iya.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai juya dare ya zam wayewa.

Salati ga Annabi ban mantawa,
Da shi alƙalami ke miƙewa.

Shekara sha huɗu ina koyarwa,
Alli a hannu yana ƙarewa.

Yaran da na koya wa ƙirgawa,
Wasu yau a mota suke wucewa.

Su ɗaga hannu, "Mushe!" da gaisuwa,
Ni ko ina gefen hanya da takawa.

Wata ya mutu, albashi bai fitowa,
Mai shago ya gaji da rubutawa.

Ga gonar Baba can Jiratawa,
Tun ran da ya kwanta take bushewa.

Rabin zuciya na son komawa,
Rabi na tsoron bakin 'yan'uwa.

Za a ce mai boko ya yi faɗuwa,
Ya bar kujera da 'yar inuwa.

Arba'in da ɗaya nake cikawa,
Ko busasshen icce na tanƙwaruwa?

Ku faɗa mani gaskiya ba ɓoyewa,
Ko da da ɗaci, ina haɗiyewa.

Tsohon Direba, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malam. Ni ban yi lakol ba, jikana ke rubuta mani. Sai ka yi haƙuri da baitin direba, gargada gare shi kamar hanyar damana.

Ɗana, na ji ka, zauna da natsuwa,
Ni ma na ɗanɗana ɗacin sauyawa.

Shekara talatin ina tuƙawa,
Kwatano, Gaya, Ƙonni, ba tsayawa.

In sauke Maraɗi a yi rarrabawa,
Ɗan Isa, Jibiya, Kano da isarwa.

Sai ga Agusta, ana ta faɗawa,
Iyaka ta rufe, ba ƙetarawa.

Wata sha shida tirela ba motsawa,
Taya ta sace, batir na mutuwa.

Mai mota ya ce shi kam sayarwa,
Na miƙa makulli hannu na rawa.

Kwana bakwai a ɗaki ba fitowa,
Gudun masu tambaya da jajantawa.

Ran na takwas murhu ba hurawa,
Kunya ta fita ta bar ni da yunwa.

Na ɗauki tiya na zauna aunawa,
Aya da wake a bakin kasuwa.

Zunɗe kwana uku ne, yana wucewa,
Yau su ke zuwa cin bashi da rantsuwa.

2019 ke nan, Najeriya ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Da aka sake rufewa a 2023 ina zaune gaban tiyata, abokan da suka koma tuƙi su na riƙa yi wa jaje. Sai dai akwai bambanci tsakanina da kai, Malam. Ni ingiza ni aka yi, kai da ƙafarka za ka fita. Wanda aka ingiza ba ya da wanda zai ce mashi "wa ya aike ka?"

Malama 'Yar Zariya

Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ku yi mani izini in ɓata muku amsa-amo, "wa" ta cika sauƙi, ko jariri ya yi kuka sai ya faɗa cikinta. Mushe, tare muka yi horon koyarwa, don haka ba lallashi zan yi maka ba.

Ka ce a faɗa maka ko da ɗaci,
To buɗe baki, ga jiƙon maɗaci,
Gona ba ta duban mutunci,
Ba ta jin Faransanci ko ɗaya.

Kuɗin ruwa, wa zai biya ma?
Taki da iri, wa zai sayo ma?
Wata biyu, uku, kafin ta kama,
Mi yara za su gani a tukunya?

Ka shawarci Madam tukuna?
Ko mu ka fara kawo wa magana?
Ita za ta sha rabin zafin rana,
Ba mu masu tafi a cikin waya.

Sannan 'yan ajin da ke hannunka,
Jarrabawa na tafe a gabanka,
In ka fice tsakar shekara abinka,
Wa ka bar wa su a tsakar hanya?

In gudu kake daga mai makaranta,
Gona ba maɓoya ba ce, ka manta?
In ko ƙasar ce kake ƙaunarta,
Wannan daban ne, tafi lafiya.

Tambayata guda ce: gudu kake, ko zuwa kake? Na ga malamai uku da suka aje alli cikin fushi. Ba su san inda za su ba, inda suka baro kawai suka sani. Biyu sun dawo neman aji kafin shekara ta zagayo, kuma a ƙasa da albashin da suka raina.

Ɗan Kabu-kabu Mai Lisans

Ina gaida manya. Anti Malama ta juya mu zuwa "ya", ni sai in bi ta, ɗalibi ba ya ƙetare malama. Tukuna, 'yan'uwanmu na Najeriya da ke karantawa: Mushe a nan malamin lakol ne, ba abin da ungulu ke sauka a kai ba. Ni lisans gare ni, wato digirin jami'a, ta labarin ƙasa, shekara uku ke nan ina kan babur.

Na kai takarda ofis goma sha ɗaya,
Kowa ya ce, "Sai mun kira ka a waya."

Na hau babur, rawani har ido don kunya,
Ina roƙon kar in gamu da sani a hanya.

Na farkon da na ɗauka ya zauna a baya,
Abokin ajinmu ne, ya gane ni ta murya.

Ya ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, sai ka biya."
Tun daga ran nan na daina ɓuya.

Mushe, ka dubi Maraɗin jiya,
Cikin kwari take, gulbi a baya.

Ruwa ya zo ya ci gida da rijiya,
Ta hau tudu da tabarma da tukunya.

Ta sauya wuri, ta sauya shiyya,
Sunan bai tafi ba cikin ambaliya.

Ambaliyar 1945 nake nufi, wadda ta ci tsohon gari har aka hauro da shi kan tudun da muke yanzu. Kafin ita ma, su wa suka kafa sarautar nan? Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi, su Ɗan Kasawa, suka sake ɗaura sirdi a bakin Gulbin Maraɗi. Wanda zai yi maka dariyar sake farawa a garin nan bai tambayi kakansa labari ba.

Amma kar in cika baki. Ni har yau ban ce don kabu-kabu aka haife ni ba. Adashi nake zubawa, ina jiran ƙofa. Abin da na samu dai, daga Bagalam zuwa Ali Dan Sofo ba lungun da ban sani ba, da wanda ruwa ke kwanciya da wanda yashi ke kada babur. Taswirar da ban zana ba a aji, ga ta a kaina.

Inna Mai Ƙuli, Mokoyo

Ɗiyata ke rubutawa, ni ina faɗa. Ku yara kuna ta lissafi. Malam mai gidana, Allah ya jiƙansa, ɗan awon gyaɗa ne lokacin da gyaɗa ke sarauta a garin nan. Farin 1973 da 1974 ya karya ta, sikelinsa ya yi tsatsa a zaure, shi kuma ya kasa sakin sikelin a zuciyarsa har ya koma ga Allah. Ni na ja turmi. Da ƙuli da man gyaɗa na aurar da ɗiya biyar. Ban iya baitinku na takarda ba, ta bakin turmi zan yi.

Gawo, gawo, icen gona,
Kowa ya yi ganye da damana,
Shi ya kaɗe nashi ya zauna,
Masu wucewa: "Ya mutu, Nana."
Rani ya zo da zafin rana,
Sauran itace sun sha ƙuna,
Sai ga shi shar, awaki na murna,
Makiyayi ya samu wurin kwana.
Kowa da tashi damanar, ɗana,
Kar ka ƙirga da ta maƙwabcina.

Kuma Malama ta yi gaskiya. Tashi ka gaya wa matarka tun ba ta ji a gidan biki ba.

Tsohon Direba, Sabon Gari

Inna ta gama da mu. Jikana ya ce in ƙara baiti, na ce ina, mai tirela ba ya gaban mai turmi.

Mushen Bagalam

Ku gafarce ni da shirun kwana huɗu. Na gode Baba Direba, na gode Inna, ƙanena mai babur Allah ya buɗa ƙofar. Malama, taki ce ta tsaya mani a wuya.

Tambayarki ta hana ni kwantawa,
Gudu ko zuwa? Na yi ta aunawa.

Rabi gudu ne, ba na musantawa,
Na gaji da bashi da jinkirtawa.

Asabar na hau mota sai Jiratawa,
Kututturan Baba na ta tohowa.

Waɗanda ya hana mu tumɓukewa,
Ya ce a rage reshe, a bar mai miƙewa.

Wani dattijo ya zo da gaisuwa,
Da kwalbar magani, ba ya karantawa.

Faransanci ne, na zauna fassarawa,
Murfi nawa za a zuba a ruwa,

Da kwana nawa ake dakatawa
Kafin a yanki ganye a kai kasuwa.

Kan in ɗago, mutum shida na saurarawa,
Aji ya haɗu a gindin aduwa.

Nan na ji wani ƙulli na kwancewa,
Ashe alli ne kaɗai ke ƙarewa.

Kututturan nan sassaben zamani ne da Baba ya riƙe tun muna yara. Lokacin haushinsa muke ji, muna ganin ya bar gona da datti, maƙwabta na share tasu ƙal. Shekara guda ba wanda ya duba su, amma saiwar na ƙasa tana aikinta. Dattijon nan kuwa, ashe ninki biyu yake zubawa, kuma washegari yake yanka. Na dawo gida ina tunanin mutanen da suka ci ganyen.

Na gaya wa uwargida daren jiya. Ta ce tun watan azumi ta lura, jira take in buɗe baki. Sharaɗinta biyu. In kai 'yan ajina jarrabawa a watan Yuni tukuna, kamar yadda Malama ta ce. Sannan jajayen awakinta biyu da za a sayar a biya kuɗin ruwa da taki, bashi ne, a rubuce, da shaidu. Tsoro kam yana nan, ko yau da shi na yi sallar asuba.

Malama 'Yar Zariya

To yanzu na yarda, na koma "wa",
Takardar awaki ni ke sa hannuwa.

Ka gaida Madam, ta fi ka iya lissafi.

Ɗan Kabu-kabu Mai Lisans

Asabar ka daina jiran mota, Mushe. Kuɗin mai kawai za ka zuba, amma dawowa da buhun ganye farashi daban.

Inna Mai Ƙuli, Mokoyo

Yankan fari nawa ne. Ka kawo zogalen, ƙuli na wajena, a yi kwaɗo a kira Direba ya zo da haƙoransa in sun rage.