Neman kalma: me za mu kira "wedding officiant" da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni neman kalma. Wata abokiyar aikina a nan Amurka, wadda ta yi kusan shekara talatin tana aikin jinya, ta ajiye aikin tana da shekara 58 ta koma abin da suke kira "wedding officiant". Ina ba Hajiyarmu labari a waya sai sunan aikin ya gagare ni. Ta ce, "Fasto ta zama ke nan?" Na ce a'a Hajiya. "To alƙaliya?" Nan ma a'a.

2/ Ga yadda aikin yake. Masu shirin aure su karɓo takardar izini daga hukuma, sannan su ɗauke ta. Ta zauna da su ta ji yadda suka haɗu, ta tsara jawabi. Ranar biki ta tsaya a gabansu, kowa ya furta amincewarsa, ta sa hannu a takardar, a mayar wa hukuma. Na ga jakar da take fita da ita: baƙin fayil na jawabi, biro biyu don kada ɗaya ya ƙi rubutu, da hankici saboda masu kuka.

3/ Izininta na yin wannan aiki daga wata ƙungiyar addini mai suna Universal Life Church ta samo shi, wadda Kirby Hensley ya yi wa rajista a Kalifoniya a 1962. Suna naɗa mutum ta intanet kyauta, kuma yawancin jihohi sun yarda da naɗin. A Ostareliya gwamnati ce da kanta ta buɗe hanyar naɗa mutanen da ba malaman addini ba su riƙa ɗaura aure a 1973, zamanin ministan shari'a Lionel Murphy, yanzu kuma akasarin aure a can irin waɗannan mutane ke ɗaura shi.

4/ Wani ya ce a kira shi "limamin aure". Ban yarda ba, kuma a nan ne maganar ta fi damuna. Ku tuna zaman ɗaurin aure a ƙofar gida ko masallaci. Wakilin ango ne ke nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a gaban shaidu. Liman huɗuba yake yi, ya tabbatar siga ta cika, ya shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro da alewa. Liman bai ɗauki wannan sana'a ba, kuma matsayinsa na addini ne. Idan muka ara wa wannan baiwar Allah sunansa, mun ɓata kalmar, ita ma ba mu faɗi gaskiyar aikinta ba.

5/ "Maɗaurin aure" ta yi daɗin ji, amma a rubuce maɗauri igiya ce ko ƙyallen ɗaure kaya.

6/ "Jami'in ɗaurin aure" ta dace da ma'aikacin gwamnati, kamar na ofishin rajistar aure a Najeriya, ko magajin gari idan an je auren hukuma a Nijar. Abokiyata kuwa ba albashi take ci ba, zaman kanta take yi, duk biki da kuɗinsa.

7/ Ni dai na tsaya a kan "mai ɗaura aure". Ta shafi mace da namiji, jam'inta "masu ɗaura aure" ba ya wahalar da baki, kuma ba ta jingina mutum da masallaci ko coci ko ofis ba. Inda ake son rarrabewa sai a ce "mai sana'ar ɗaura aure".

8/ Na sake kiran Hajiya na gwada: "Ta zama mai sana'ar ɗaura aure." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Ikon Allah, mace? Kuma biyan ta ake yi?" Ba ta nemi ƙarin bayani a kan aikin ba. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, in kuna da wata kalma da ake faɗa a wajenku, ku kawo ta mu gwada.