Kano zuwa Maiduguri: jirgi ko mota ga mai tafiya da dattijuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan mayar da mahaifiyata Maiduguri bayan an yi mata aikin ido a Kano. Na ga tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Maiduguri kusan kilomita 500 ce ta sama, ta ƙasa kuwa ta doshi 600. Ina roƙon waɗanda suka bi hanyar su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kilomita 500 ɗin nan jirgi zai cinye su cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma sai idan an samu mai tafiya kai tsaye. Ni ban samu ba a tafiyata ta ƙarshe, don haka na bi ta Abuja, wato wajen kilomita 360 zuwa kudu, sannan wasu 700 zuwa arewa maso gabas, fiye da 1,000 ke nan. Na bar gida da ƙarfe 6 na safe, na yi awa biyar a zaune a Abuja da jaka a kan cinya, ban taka Maiduguri ba sai bayan la'asar.

Direban haya: Malam, shekara 14 ina bin hanyar nan. Daga Kano za ka ratsa Wudil, ka wuce kusa da Dutse, sai Azare, Potiskum da Damaturu. Tun 2006 aka ba da aikin mayar da ita tagwayen hanya, kuma inda aka kammala tafiya tana daɗi. Idan na tashi bayan sallar asuba, awa takwas zuwa tara nake yi, har da tsayawa salla da cin abinci a Potiskum. Abin da nake ja wa kowa kunne a kai shi ne zangon ƙarshe, kilomita 130 da 'yan kai daga Damaturu ta Benisheikh, Mainok, Jakana da Auno. Akwai shingayen bincike da yawa, kuma da yamma ana rufe hanya. Ba mu manta da watan Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe matafiya aƙalla 30 da dare ya riska a Auno. Ni in azahar ta yi ban bar Damaturu ba, a nan nake kwana.

Ma'aikaciyar jinya: Yayana, ka duba lokacin shekara ma. Na taɓa kai mahaifina filin jirgi cikin hunturu, muka wuni yana kan keken marasa lafiya, hazo ya rufe ko'ina, daga bisani aka soke tashin. Washegari muka ɗauki shatar mota, muna tsayawa duk bayan awa biyu ya miƙe ƙafa, domin dogon zama yana kumbura ƙafafun tsofaffi. Ga mai sabon aikin ido kuwa, a rufe gilashi saboda ƙura, kuma a tambayi likitanta kafin a hau jirgi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan ga likitan. Idan ya amince, za mu ɗauki shata mu kwana a Damaturu wurin ƙanwarta, mu ƙarasa da hantsi.