Tsohon keken tsere ya zo hannunku, kayan kasuwa sun ƙi shiga: yaya kuka yi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya taɓa sayen tsohon keken tsere a hannun 'yan gwanjo, irin mai ƙahon rago da siririyar taya, ya san tsatsa da datti ba su da wuyar sha'ani, kananzir da tsumma sun ishe su. Rigimar tana farawa ne ranar da aka shiga kasuwa neman kaya.

Nawa Raleigh ne na Ingila, da zalɓensa a goshi da sunan Nottingham. Mun kwance gidan boris na tsakiya, inda sandar feda ke juyawa, muka sayo sabon kofi, wato murfin ƙarfen da ke riƙe boris a gidan, don na hagu ya yi baƙi ƙirin. Sabon ya ɗan fara shiga, sai ya cije. Mai gyaran ya ce a zura bututu a sifana a danne shi, wai zai yi wa kansa hanya. Na ce a dakata tukuna. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa, a kowane keke ne, don Allah ya faɗa mana yadda ya ƙare.

Baba Mai Faci:
Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka hana shi. Da ya danne, da yanzu maganar walda muke yi.

Tun ina yaron shago nake kwance Rali, tun ana haɗa su a nan Kano. Kamfanin nan nasa tiredin daban ne da na sauran mutane. Yawancin kekunan Ingila da na Japan haƙora 24 ne a kowane inci, su kuwa na Nottingham 26 suke yankawa. Faɗin bakin kusan ɗaya ne, shi ya sa sabon yake ruɗin mutum ya fara shiga, sai an yi zagaye biyu ko uku haƙoran su saɓa. Ido ba ya ganin bambancin. Amma ka haɗa tsohon kofin da sabon, haƙori cikin haƙori, ka ɗaga su wajen haske, za ka ga ba su zauna ba.

Ina tsohon kofin? Kada ka ce an jefar. Ka jiƙa shi a kananzir, ka goge, ka bi hanyar da boris ke bi da bakin biro. In biron ya wuce sumul ba rami, kofin lafiyarsa ƙalau, baƙin da ka gani tsohon giris ne. Boris kawai za ka sake, masu kwatan inci, goma sha ɗaya kowane gefe, ka cika giris. Da tsohuwar zuma ake magani. In kuma ya yi ramuka, ka bi tsofaffin masu gyara ka nemi gawar Rali na Ingila mai birkin sanda, ka ciro kofinta. Kofin dama, na ɓangaren kaca, in bai ci ba ka ƙyale shi a inda yake, ka wanke shi ta ciki. In dole sai ya fito, ka sani baibai yake: yadda agogo ke tafiya ake kwance shi.

Bakatsine a Ingila:
Baba, ina gaisuwa. Ƙari kaɗan a kan bayaninka: ba kowane Raleigh na tsere ne mai 26 ba. Kamfanin ya sayi Carlton da ke garin Worksop a 1960, kuma a can aka riƙa ƙera manyan na tsere har aka rufe wurin a 1981. Waɗannan 24 ne kamar na kowa. Nawa irinsu ne, yana da takardar Reynolds 531, wato sunan irin bututun ƙarfen da aka yi bodin da shi, a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, kofin zamani ya shige shi da yatsa. Tunda na Ɗan Fagge ya cije, na Nottingham ne. Yana iya auna faɗin gidan ma: milimita 68 na kowa ne, 71 ko 76 na Raleigh.

Na Maraɗi:
Ku masu na Ingila ku gode Allah, abu ɗaya ne ya saɓa muku. Mu nan Nijar Peugeot da Motobécane da Gitane suka fi faɗo mana, kuma wanda aka yi kafin wajejen 1980, yawancin kayansa da awon Faransa suke.

Nawa Peugeot ne fari mai zaki a gaba. Da na same shi wani ya riga ya yi masa aika-aika a feda. Ramin fedar Faransa milimita 14 ne, ya ɗan fi na sauran duniya ƙanƙanta, sai aka tura masa fedar kasuwa da ƙarfin tsiya, ta shiga a karkace. Kana tuƙi kana jin ƙafarka tana rawa. Wani mai juya ƙarfe ne ya sake yanka mini tiredin zuwa awon da ake samu ko'ina. Wannan gyara ne mai kyau in an yi shi da abin yanka tiredi, tunda naman da za a cire kaɗan ne. Ku duba jikin tsohuwar feda: in kun ga D da G maimakon R da L, wato alamar dama da hagu da Faransanci, ku yi hattara.

Wuyan da ke riƙe ƙaho ma haka. Na Faransa milimita 22.0, na kowa 22.2. Wannan kam samfefa ta raba mu: na naɗa ta a sabon wuyan ina murzawa ina gwadawa har ya sauka. A wuyan ake ci, ba a taɓa cikin fok.

Sai gidan tsakiya. Milimita 35 ne, kuma duka ɓangarorin dama suke ɗaurewa, babu baibai. Mai gyaran da ya saba da Rali da Phoenix zai kama kofin dama yana juya shi ta hanyar da ya sani, yana cewa ya ƙi, alhali ƙara ɗaure shi yake. Ni tsayawa nake a kansa. Kuma da yake ba baibai ba ne, juyin feda yana iya sassauta shi a hanya, don haka sai an ɗaure shi tamau.

Duk da haka ba na sayar da shi. Peugeot ne ai, irin wanda ɗan tseren Faransa Bernard Thévenet ya ci gasar tseren keke ta Tour de France da shi a 1975 da 1977, ko da yake nawa ƙaramin ƙane ne a gidan.

Maman Hanif:
Sannunku. Ni ban san kan ƙarfe ba, amma na sha wuyar taya. Keken mahaifinmu ne, Allah ya ji ƙansa, da shi ya dawo daga karatu, ya shekara da shekaru a rataye a zaure. Yarona ya nace sai an tashe shi.

A jikin tsohuwar tayar an rubuta 27 x 1¼. Mai kayan keke ya ce babu 27, ga 28, ai babba ta fi. Aka kawo, ta yi wa rim yawa, tana yawo. Aka koma wani shago, ya ba da wata siririya ta gwanjo, ita ma 28 aka rubuta, ita kuma ta ƙi hawa sam, har suka fasa tib wajen tura ta da cokali. Taya biyu, lamba ɗaya, ɗaya ta yi yawa ɗaya ta yi kaɗan. Na ce ko dai rim ɗin ne ya lalace?

Ƙanen mijina ne ya nuna mana wata ƙaramar lamba da ke gefe. Ta farko 635, wato ta manyan kekunan da muka sani masu kariya. Ta biyu 622, wadda ake kira 700C, Jamusawa kuma suna rubuta mata 28. Tamu 630 ce. Wannan lambar ita ce faɗin da'irar rim a milimita, kuma ita kaɗai ce abin dubawa. Sai daga Legas aka aiko mana da 630 guda biyu.

Baba, tambayata: in waɗannan suka cinye, haka za mu yi ta aike?

Baba Mai Faci:
Hajiya, Allah ya ji ƙan Malam, ya raya Hanif. In kin ga taya ta yi rabi, ki sa a ɗaure miki rim na 622 a kan tsohon hob ɗin, da sababbin sifok. Tayarsa tana ko'ina. Rim ɗin zai sauka da milimita huɗu kacal daga inda robar birki take, a duba ko akwai sauran wuri a hannun birkin da za a sauko da ita. Yawancin tsofaffin birki masu jan tsakiya suna kaiwa. Ki zaɓi na alminiyam. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli yana da kyau a ido, amma da damina yaro zai matse birki keke ya ci gaba da tafiyarsa. Tsofaffin kuma a ajiye su, kada a bai wa 'yan jari bola.

Injiniyan Kakuri:
Ku naku ya ƙi shiga, ni nawa ƙin fita ya yi. Sandar sirdi ta alminiyam a cikin bodin ƙarfe. In ruwa ya shiga tsakaninsu babu giris, alminiyam yana fitar da wani farin gari da ya fi shi cin wuri, sai su manne kamar an yi walda. Wanda ya sayar mini ya riga ya gasa wurin da wuta, fenti ya ƙone a banza. Wuta ba ta taimako a nan, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, ƙara cika ramin yake. Sanyi ne ke tsuke shi.

Na kifa keken, na ɗura mai ta ƙasa ya kwana yana tsima, na damƙe kan sandar a bais, muka kama bodin mu biyu muna murɗawa. Ko gezau. Daga ƙarshe na yanke sandar na bar ɗan tsawo a waje, na zura tsinken zarto a cikinta na tsaga ta a tsaye a hankali, na naɗe ta da filaya ta fito. Akwai masu narkar da ita da sodar sabulu, don soda tana cin alminiyam ta bar ƙarfe. Tana aiki, amma tafasa take tana tartsatsi, tana fitar da iska mai kama wuta, tana kuma cin fenti da fata. Ban ba kowa shawararta a cikin gida ba.

Da ta fito sai ga ni a layinku. Ramin milimita 27.2 ne, kamar yadda yawancin masu bututun 531 na Ingila suke, a kasuwa kuwa 25.4 ta cika. Aka ce a yanka gwangwanin lemo a cike gibin. Gibin kusan milimita biyu! Matse irin wannan shi ke tsaga kunnen bodi. Jira na yi har na samu daidai.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku. Bianchi gare ni, mai launin nan nasu tsakanin shuɗi da kore. Gidan tsakiyarsa na Italiya ne, milimita 36, faɗi 70, kuma har yau ana yin sabonsa. Na zubar da tsofaffin kayan duka na sa Shimano na zamani. Tazarar bayan bodin, inda wili ke shiga, milimita 126 ce, sabon wili 130, muka ɗan buɗa shi da hannu ya shige, tunda ƙarfe ne yana jurewa. Yanzu giya a hannun birki take, ba sai na sunkuya ina laluben ta a bututu ba ga tirela a bayana. Hawa nake, ba ajiyar kayan tarihi ba.

Bakatsine a Ingila:
Yaya, "zubar" ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. In kayan Campagnolo ne a jiki, kamfanin kayan keken tsere na Italiya, to ka zubar da abin da wataƙila ya fi bodin kuɗi a nan. Akwai taron L'Eroica da ake yi a ƙauyen Gaiole na Italiya tun 1997, ba a shiga sai da keke irin na 1987 zuwa baya, giya a bututu, wayar birki a waje, feda mai maɗauri. Saboda irin waɗannan tarukan, ƙaramin noti na asali ma nemansa ake. Canjin da ka yi ba laifi, tunda bai taɓa bodi ba, ana iya mayarwa. Abin da ba ya dawowa shi ne yanka da huda da walda.

Ɗan Zangon Kumasi:
Kwantar da hankalinka ƙanena, suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. Uwargida ce dai take ta yi musu barazana.

Malamin Firamare:
Tunda an ambaci huda: nawa rim ɗin mai siririn bawul ne, masu faci a garinmu ba su da bakin famfonsa, kowa sai ya ce a faɗaɗa ramin a sa tib mai bawul irin na mota. A siririn rim wannan rage masa ƙarfi ne. Akwai ɗan ƙaramin tagulla da ake ɗaurawa a kan bawul ɗin, kowane famfo ya kama. Nawa yana tare da makullaina.

Sirdin kuma na fata ne, ƙirar Brooks, fatar ta bushe ta tsage daga hanci. Na kai wa wani baduku, ya cire ta ya yi awo da ita, ya yanko fatar sa mai kauri, ya jiƙa ya ɗora a kan ƙarfen, ya buga ƙusoshin tagulla. Tambarin ya tafi, amma zama ya yi daɗi. Ya ce in riƙa shafa man kaɗe kaɗan ta ƙasa lokacin hunturu, kada in tsoma ta a mai, za ta saki ta lotsa.

Na Maraɗi:
Baba, saura kota, ƙusar da ke riƙe ƙafar feda a kan sandarta. Na ga kekunan nan da yawa ƙafafun fedarsu ba sa kallon juna daidai, ɗaya ta ɗan riga ɗaya.

Baba Mai Faci:
Abu biyu ke kawo shi. Ko an haɗa kota iri biyu, don ta Ingila milimita tara da rabi ce, taku ta Faransa tara, kuma gangaren fuskarsu ba ɗaya ba. Ko kuma an sa su suna kallon gefe guda. In kan ta dama yana sama, to ta hagu notinta ne zai kasance a sama. A saye su biyu tare, a goge fuskarsu da fayil daidai wa daida. Wajen bugawa a tokare ƙafar fedar da guntun bututu daga ƙasa har daɓe, don nauyin guduma ya sauka a ƙasa, kada ya sauka a kan boris. Notin kuma riƙo kawai yake, ba da shi ake jan kota ba, yana tsinkewa. Bayan an ɗan hau kwana biyu a sake bugawa a ƙara ɗaurewa.

Ɗan Fagge, in ka wanke kofin ka ɗauko hotonsa ta ciki, kusa sosai, a cikin rana, in gani kafin ka mayar.